Ɗan Kuɗin Gyaɗar Sabuwa

Attahiru ya ture farantin kisra gefe, ya kasa ci.

"Abu Hanan, mi ya faru?" in ji matarsa Sabuwa, tana ɓarar gyaɗa.

"Harkar kasuwa ce, ba ta mata ba."

Amma maganar ta ƙi zama a cikinsa. Bara abokinsa Muzammil ya kama hayar shago a Managil, shi kuma ya dangwala yatsa a matsayin damin, wato mai tsaya masa. Yanzu Muzammil ya tsere wurin haƙar zinari, hayar wata huɗu ta faɗo kan Attahiru. An kuma sayar da shagon, dillali ya ce sabon mai shi ba ya jin roƙo: ko kuɗi ranar Alhamis, ko kotu.

Ya sassauta murya. "Ko za ki ranta mini ɗan kuɗin gyaɗar nan da kike ta tarawa?"

"Ayya, na kashe su duka."

"Duka? A kan mi?"

Sabuwa ta hure ɓawon gyaɗa daga faifai, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Shago na saya a Managil. Ci kisrarka, ya damin, Alhamis da sauran kwana uku."