Shagon Bayan Makaranta

Shugabar ɗaliban ɗinki ta miƙe da rahotonsu. A darasin kasuwanci na tura su su binciko abin da ya hana shagon zare na bayan makaranta ciniki.

"Malam, kayan ba laifi," ta ce. "Maƙwabta sun ce matsalar mai shagon ce. Da yamma yake canjin matarsa a shagon, kuma duk wanda ya shiga sayen allura sai ya sha lacca kan sirrin arziki."

"To, mene ne mafita?"

"Ya bar wa matarsa shagon, ya nemi inda ake biyan surutu."

Na ba su cikakken maki. Da yamma na miƙa wa mai ɗakina makullin shagon namu, ko tambaya ba ta yi ba.