Turmin Jikin Danga

"Ke Rekiya, wannan daka ne ko kaza ce ke tsattsagar tsakuwa? Ba za ki bar mu mu sakata ba?"

Rekiya ta jingine taɓarya, ta dafe ƙirji, ta juya wajen dangar karan da ta raba gidansu da na Zinariya. "Ki toshe kunnenki mana, algunguma!"

Shekara biyu ke nan ana haka a unguwarsu a Kurfi. Tun da zuciyar Rekiya ta fara bugun tsiya, dispensan Dutsin-Ma ya ce ta bar daka in tana son ranta. Ta ƙi. Macen da duk gari ya san furarta, wa zai zaunar da ita? Amma da zarar daka ya yi nisa, sai maƙwabciyar nan ta tsokano ta, su yi ta cacar baki har guminta ya bushe.

Ran nan ciwon ya taso da ƙarfi. Zinariya ta jefo zagi, ta ji shiru. Rekiya na durƙushe tana neman numfashi, sai ga danga ta faɗo, Zinariya ta tsallako ta tallabe ta.

"Sake ni," in ji Rekiya da ƙyar. "Ba abin da kike so ba ke nan?"

"Rufe mini baki, shashasha. A gindin turmi innata ta faɗi, ba ta tashi ba. Na san sautin taɓarya in zuciya ta gaji. Ke kuwa lallashi bai taɓa sa kin ajiye ta ba, sai zagi."

Washegari da safe Rekiya ta tayar da dangar, sannan ta mirgina turminta har jikin dangar, inda Zinariya za ta fi ji.