Jan Tebur a Tamfilet ɗin Benjamin

Ranar Litinin Hannatu ta buɗe tamfilet, wato tsararren fayil ɗin kwamfuta da take buga wa makarantu sakamakon jarrabawa da shi, sai ta tarar kan teburin jera maki da ke cikinsa ya koma ja.

Ba haka Benjamin ya bar shi ba. Yayanta ne ya tsara salon teburin tun lokacin da ya buɗe shagon buga takardu a Nasarawa: kai shuɗi mai duhu, layuka sirara, jeri ɗaya fari ɗaya ruwan toka don kada idon iyaye ya ɓace a cikin lambobi. Ya kwana biyu yana gyara faɗin kowane gida kafin ya gamsu. Bara aka tsinci gawarsa a gefen titin jirgin ƙasa, bayan ya fita kai wa wata makaranta aiki. Ba a ga jakarsa ba, ba a kama kowa ba. Tun daga nan Hannatu ba ta taɓa ko ɗigo ɗaya a tsarin ba.

Ta mayar da shuɗin, ta ajiye. Ranar Laraba ta dawo ta samu layukan sun yi kauri, rubutun saman ya karkace. Ita kaɗai ke da makullin shagon.

Ta faɗa wa Samson. Shi ne aminin Benjamin, da shi aka ɗauki akwatin gawar, kuma shi ke haya a ɗaya rabin shagon, bayan bangon katako, inda yake cajin waya. Kwanan nan ya fara koyon buga takardu, wai don ya rage mata aiki idan sun yi aure. Yini guda tana jin ƙas-ƙas ɗin yatsunsa ta bayan katakon, kuma ƙarar na rage mata kaɗaici.

"Sayar da kwamfutar nan," in ji shi. "Abin mamaci ba ya barin mutum ya huta."

Ba ta sayar ba. Ta kira fasto ya yi addu'a a shagon, ta yi azumi. Teburin bai fasa sauyawa ba. Wata makaranta ta dawo da takardunta, ta ce wannan ba aikin da aka saba ba ne. Abin da ya fi cin ran Hannatu shi ne launin. Benjamin ya tsani ja a takarda, yakan ce sai ka ce an yanka kaza a kai. Idan kuwa yanzu shi yake zaɓa, to jininsa yake nuna mata, yana tambayarta me ta yi a kai.

Ta daina cin abinci a shagon. Kullum kafin ta kunna kwamfutar sai ta gaishe shi a hankali.

Bayan 'yan makonni, wata ranar Alhamis da la'asar tana zaune, hannayenta a cinya, ta ga layin teburin yana motsi da kansa. Ya ja dama, ya tsaya, ya dawo. Ta fita ba takalmi, ta tsaya a rana, ta kira Malam Umar mai gyaran kwamfuta daga Tudun Wada.

Malam Umar ya zo, ya zauna, ya daɗe yana kallo. Jan launi na bin jerin teburin ɗaya bayan ɗaya. Ya rage murya ya ce mata:

"Wannan fayil ba a cikin kwamfutarki kaɗai yake ba, a intanet yake, a asusun marigayi. Yana da wata na'urar?"

"Laftof ɗinsa. Tana cikin jakar da ta ɓata."

"To an kunna ta. Wanda ke riƙe da ita bai san duk abin da ya taɓa yana fitowa a nan ba. Yanzu haka yana kai. Idan kika rubuta abu, zai gani."

Hannatu ta dubi fuskar kwamfutar. Tsawon wata guda ke nan tana gaida wanda ta ɗauka yayanta ne. Ta ja kujera, ta sa alamar rubutu a gidan farko na teburin, ƙarƙashin jan kan, ta buga da yatsa ɗaya: Wane ne kai? Wannan laftof ɗin Benjamin ce.

Launin ya tsaya a tsakiyar jeri.

A bayan bangon katako ƙas-ƙas ɗin ya yanke, kujera ta faɗi, sannan suka ji Samson ya rufe laftof da ƙarfi.