Wanda Ya Ƙi Kunna Kyamara

A bakin ƙofa ta tarar da saurayinta, da takunkumi a fuska, ya karya dokar kulle ya zo.

"Na ji abin da kika faɗa wa likita jiya," ya ce, idonsa a ƙasa. "Duk da haka zan aure ki."

Jiya zaman bidiyo ne da likita, wanda jami'a ta shirya wa ɗaliban da wani tashin hankali ya taɓa, kuma mutum ɗaya ya ƙi kunna kyamararsa.

"Ashe kai ne? Shekara biyu ina haɗiye maganar nan, ka laɓe ka saurara!"

"Wallahi damuwa ce ta sa."

Ta kafe shi da jajayen idanu. "Likitar da ba ta san ni ba ta jira har na shirya. Kai ka kasa. Riƙe alfarmarka."

Ta rufe ƙofar.