Jar Tuta a Hanyar Shinkafi

Malam Tsoho mutumin Zurmi ne, mai riƙon tuta a inda ake gyaran kwalbati a hanyar Kaura Namoda zuwa Shinkafi. An rufe hannu ɗaya na titi da ganguna. In ya ɗaga ja, motocin Kaura su tsaya na Shinkafi su wuce. In ya ɗaga koriya, su tashi. Da wannan tsayuwar rana yake ciyar da matarsa Zulaihat da 'ya'yansu.

Direbobi ba su ɗauke shi a bakin komai ba. In akwai masu kaki a wurin, kowa ya zama salihi. In babu, sai wanda ya fito ya ƙyafta wa mai zuwa fitila, wato hanya fes, taka kawai.

Ranar Alhamis kasuwar Shinkafi ke ci, kuma ƙa'idar tasha ita ce wanda ya riga isa shi ke fara lodin dawowa. Saboda haka tun daga Kaura, wani direba Mu'awiya da abokin aikinsa Kamilu suke tsere, kowa da mota cike taf da mutane.

Kamilu ya samu ya wuce, sai Tsoho ya ɗaga ja. Mu'awiya ya ci birki a bayan layi yana dukan sitiyari.

"Kai direba, mi kake jira?" in ji Alhaji Gwadabe, dillalin awaki da ke kujerar gaba. "Kamilu ya tahi ya bar ka! Wanga ɗan ƙyallen ne zai tsaida kai?"

"Ɗana, ja ce hwa," wata tsohuwa, Inna Turai, ta faɗa daga baya. "Akwai mutane gaba."

"Inna, in tsoro kike ji, sauka ki hau jaki!" wani ya ce. Mota ta kwashe da dariya.

Mu'awiya ya karya kan mota, ya ture ganguna, ya hau hannun da aka rufe. Fasinjoji suka ɗauki ihu: "Sai kai, direba!"

A gaba kuwa rami ne buɗe, leburori na ciki suna zuba kankare. Tsoho ya ruga tsakiyar hanya yana kaɗa tuta da hannu biyu. "Tsaya! Tsaya, akwai mutane!"

Motar ta kwashe shi, ta bi ta kan ƙafarsa, ta je ta cake a tarin yashi.

Abin da ya biyo baya ya fi haɗarin muni. Masu ihun nan suka sauko, kowa ya ja kayansa. Wasu suka zaro waya suna ɗaukar mutum cikin jini kamar ana wasan dambe. Alhaji Gwadabe ya tare ɗan acaɓa ya haye, yana mitar kasuwa za ta watse. Inna Turai ce kaɗai ta cire mayafinta ta ɗaure ƙafar Tsoho, leburori suka ɗauke shi.

A asibiti aka yanke ƙafar daga gwiwa.

Da jami'ai suka zo neman shaida, sai aka rasa wanda ya gani. Leburori suka ce suna cikin rami. Inna Turai, 'ya'yanta suka hana ta fita. Alhaji Gwadabe ko kunya babu ya ce, "Ni barci nike yi."

Bayan an sallami Tsoho, manyan tasha suka iso Zurmi da buhun gero da ƙullin goro. Shugabansu ya gyara babbar riga ya ce, "Malam Tsoho, ƙaddara ce. Mu'awiya yaro ne, shi ma da iyali. A kashe magana a gida."

Daga bayan labule Zulaihat ta ce, "Mun yarda da ƙaddara, Alhaji. Amma ƙafar wa ta taka totur?"

"Ke, yi shiru, manya na magana!" yayan Tsoho ya daka mata tsawa.

Maƙwabta suka sa baki, dangi suka sa baki, har aka fara cewa Tsoho ba ya da tawakkali. Ya dubi inda ƙafarsa take a da, ya ce, "Na yafe."

Tun ba a kwance wa Tsoho bandeji ba, Mu'awiya ya koma kan hanya. 'Yan tasha har sun yi masa laƙabi, shi kuma ya kai mota wurin mai fenti aka rubuta masa a gilashin baya da manyan baƙaƙe: BA BIRKI. Fasinjoji na rububin shiga, wai ya iya mota.

Jama'a, inda ake aikin hanya akwai rayuka a tsaye: a rage gudu, a bi tuta ko babu mai kaki. Fasinjan da ya zuga direba da wanda ya ɓoye shaida, duk da su aka taka Tsoho. Wanda ya karya doka a bar hukuma ta yi aikinta, in ba haka ba gobe ma sai ya taka wani.