Iccen da bai san mu ba

Kawuna da ke dako a tashar jiragen ruwa ta Kwatano ne ya aiko mini da kwalin: ɗan jirgin katako gunduwa-gunduwa, sai an haɗa. Ni da Baba kuwa, a Filinge aka haife mu, ba wanda ya taɓa ganin teku.

Bayan la'asar muka zauna a gindin rumbu. Mun kafa haƙarƙarin jirgin, saura siraran katakon da za su rufe shi, amma sun ƙi lanƙwasuwa. Baba ya ce Inna ta ɗebo garwashi. Haka yake tanƙwara sandar kiwo, wuta ba ta taɓa ba shi kunya ba.

Katako na farko ya ƙone, na biyu ya ce ƙas. Har yau ina jin ƙaurin nan a hancina. Na so in ce ya bari, amma ɗa ba ya hana uba. Na zuba ido suna ƙarewa.

Ya karkaɗe hannuwansa, bai dube ni ba. "Ɗana, iccen ga bai san mu ba."

Sai da na girma, bayan rasuwar Baba, na ji ashe jiƙa su ake yi a ruwa. Randar Inna kuwa tana nan dab da ƙafarsa a ranar, cike fal.