Kokawa a Kan Katifa

Alƙali ya busa usur, sai ɗan kokawar garin Katanga ya sunkuya.

Haka ya saba tun yana yaro a fagen kaka. Kafin ya kama mutum sai ya ɗebi ƙasa ya murje hannu, don kada zufa ta sa kamu ya suɓuce. Daga Maiyama har Aliero ba wanda ya taɓa kada shi. Bana kuwa an kawo kokawar cikin sabon zauren wasanni na Jega, an shimfiɗa katifu a kan siminti. Wanda ya yi kaye shi zai wakilci jiharsu a Kaduna.

Yatsunsa suka taɓa katifa. Usur ya sake yin ƙara.

"Ka faɗi, maigida," in ji alƙali, yana ɗaga hannun abokin karawar da ko matsowa bai yi ba.

"Wa yak kada ni?"

"Hannu in ya sauka bayan usur, kaye na."

A waje, makaɗansa da aka hana shiga suka ji ihun mutane. Suka ɗauka ya gama da wuri kamar kullum, suka soma kaɗa takensa.